Lambar Baba, Takardar Takwaransa

Baba ba mai labarin yaƙi ba ne. Mun taso a gidanmu na unguwar Ɗan Iya a Bauchi mun san dai ya yi soja a lokacin yaƙin basasa, ya dawo da ɗingishi a ƙafar hagu, ya kama aikin direba a wata ma'aikata har ya yi ritaya. Abin da ya rage masa na soja shi ne gugar wando har sai kari ya miƙe, sai kuma wata lambar yabo ta ƙarfe mai ƙyalle a samanta, wadda yake ajiyewa cikin gwangwanin alewa a ƙasan akwatinsa. Sau ɗaya yake fito da ita a shekara, a watan Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Ya goge ta da toka da lemun tsami, ya maƙala a ƙirji, ya tafi filin fareti.

Daga bakin Inna muka ji dalilinta, kafin ta rasu. Wai wani hafsa ne aka harba a bakin kogi, Baba ya goya shi ya tsallake da shi ruwa ana ruwan harsashi, kuma a nan ya samu raunin ƙafar. Bayan yaƙi kwamandansu da hannunsa ya liƙa masa lambar a gaban bataliya. In ka tambayi Baba kuwa, amsarsa ba ta wuce "An ba ni, na karɓa."

Wata shekara, Baba ya doshi tamanin, sai ƙungiyar tsofaffin sojoji ta ce za a yi tantancewa, domin an gano wasu na sayo lambobi a kasuwa suna cika ƙirji da su. Aka kafa tebur a ƙofar fili, kowa ya miƙa littafinsa na sallama, a duba abin da ke rubuce a ciki da abin da ke jikin rigarsa. Da aka zo kan Baba, hafsan da ke dubawa, wanda bai fi sa'an autanmu ba, ya buɗa shafi ya rufe, ya sake buɗawa. Babu lambar a littafin. Ya ce, cikin ladabi dai, "Baba, a cire wannan tukuna." A gaban tsararrakinsa Baba ya ɓalle ta, ya jefa a aljihu, ya juya ya tari keke mai ƙafa uku ya dawo gida.

Bai gaya mana ba. Mun ga dai ya daina zama a dakalin ƙofar gida bayan la'asar, wurin da ya fi shekara talatin yana shan hira da maƙwabta. Ya koma yin sallah a sahun baya, ana sallamewa ya sulale. Sai da wani dattijo da suka je tare ya ja ni gefe ya ba ni labari, ya ƙara da cewa maganar ta zaga unguwa, har akwai masu cewa dama su tuni suna tantama. Wannan ce ta ƙona mini rai. Mutumin da ko tsintuwar allura ya yi sai ya yi cigiya, shi ne yau ake kallo a matsayin wanda ya yi shekaru yana ado da ƙarya.

Ni ce babbar 'yarsa, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ni ce kuma mai baki a gidanmu, kowa ya san wannan, aikin koyarwa a firamare bai rage mini komai ba sai ma ƙarin murya. Na same shi a ɗaki na ce gobe za mu ofishin ƙungiyar. Ya ce a bar wa Allah. Na ce za a bar masa, amma sai mun je mun dawo.

Sakataren ƙungiyar tsohon saje ne mai fara'a, gilashinsa ɗaure da zare. Ya jawo takarda ya ce, "Baba, kawo lambarka." Sai na ga Baba ya sa hannu a aljihu, a hankali, ya fito da ƙarfen nan ya ajiye a kan tebur, ya ɗauke kai. Ya zaci ƙwacewa za a yi. Sakatare ya tura masa abarsa ya ce, "A'a, Baba, lambarka ta soja nake nufi, ta shiga aiki." Nan take Baba ya gyara zama ya karanto ta da Turanci ba gargada. Ni kuwa sai da na fita waje na share ido.

Aka rubuta wa hedikwata, inda fayilolin tsofaffin sojoji suke. Muka jira har zafi ya wuce, ruwa ya sauka. Na yi sintiri a ofishin nan har mai sayar da ruwan sanyi a bakin ƙofa ta fara tambayata lafiyar Baba. Da amsa ta zo, sakatare ya zaunar da ni ya warware mini. Lambar gaskiya ce, an ba da ita a bataliyar su Baba, ga mai irin sunansa. Amma a fayil ɗin wani sojan aka shigar da ita.

Yadda abin ya faru shi ne, lokacin da ake ɗibar soja cikin gaggawa, ba a tsaya tambayar sunan uba. Ka faɗi sunanka, akawu ya ɗora maka sunan garin da aka ɗauke ka, shi ke nan. Sunan Baba kuwa na wani annabi ne da Musulmi ke sawa, Kirista ma ke sawa. Sai aka wayi gari a bataliya ɗaya akwai mutum biyu masu suna ɗaya, kowanne da Bauchi a ƙarshen sunansa. Kwamanda ya san wanda ya liƙa wa ƙarfe, akawun da ya rubuta bai sani ba, ya ɗauki fayil ɗin da ya fara zuwa hannunsa. Kafin a gyara, sai ɗayan ya yi rantsuwa a kotu cewa ba tasa ba ce, in yana raye.

"Yana nan a Yelwa," in ji sakatare. "Shekara da shekaru yana zuwa nan neman a ba shi ƙarfen da littafinsa ya ce an ba shi. Ban taɓa haɗa su biyun a raina ba."

Na dawo gida ina huci, a zuciyata na riga na yanke wa mutumin hukuncin ɓarawo. Da na gaya wa Baba, sai ya yi dariya, karo na farko tun Janairu. "Takwara? Ashe yana raye. Ai kukunmu ne, Uwata. Shi ke dafa mana abinci."

Muka hau keke zuwa Yelwa wata Asabar da hantsi. Gidan na bayan ɗakunan hayar 'yan jami'a, 'yarsa na da shagon fotokofi a gaba, mace mai kamar shekaruna. A falo akwai gicciye a bango, a gefensa kuma an sa wani shafi a firam da gilashi. Ban buƙaci a gaya mini wane shafi ne ba. Tsohon na zaune a kujerar roba, siriri, idanunsa sun yi fari da yana.

Baba ya yi sallama ya ce, "Takwara." Tsohon ya karkata kai, ya saurara, ya ce, "Wannan murya... Takwara, kai ne?" Ko sau ɗaya babu wanda ya kama sunan wani, tun da masu suna ɗaya ba sa yi. Suka riƙe hannun juna suka shiga lissafin waɗanda suka mutu, da ciwon gwiwa, da tsadar magani. Aka kawo mana zoɓo. Suka zaga ko'ina ban da abin da ya kawo mu. Na yi gyaran murya, Baba ya harare ni. Na sake yi, ya yi kamar bai ji ba. Daga nan na fasa maganar, kuma ba zan ce na tausasa ta ba.

'Yar ta miƙe tsaye. "Baba na ne ya samu wannan abu. Ga shi a rubuce. Coci ya karrama shi a kai, yaran mu duka sun san labari. Yanzu ku zo ku ce ba nashi ba?" Na ce rubutu ba ya goya mutum ya tsallake kogi. Ta ce ƙarfe ma ana saya a kasuwa. Da an bar mu, da 'yan jami'a sun sha kallo a ranar.

Tsohon ne ya ɗaga hannu. Ya ce, "Takwara, ka zo da shi? Ba ni in taɓa." Baba ya sa masa a tafin hannu. Ya shafa gabanta, ya shafa bayanta, ya murza ƙyallen da yatsu, ya daɗe yana yi. "Ashe haka yake," ya ce. "Yana da nauyi."

Sannan ya juya wajen da yake jin numfashin 'yarsa. "Zauna. Ni abinci na dafa a yaƙi. Wake, gari, wani lokaci doya. Ban ɗauki kowa a baya ba. Da suka ba ni littafi ban iya karatu ba, sai da yayanki ya girma ya karanta mani. Na ji daɗi, na yi shiru. Na ce ko gwamnati ya ga wani abu da ni ban gani ba." Ya miƙa wa Baba lambarsa. 'Yar ta fita ta koma shago, muna jin injin fotokofi yana aiki ba mai saye.

A keke Baba ya ce, "A bar maganar nan, Uwata. Ba zan sauke wa makaho abu daga bango a gaban jikokinsa ba." Na ce to shi kuma fa, a ci gaba da nuna shi da baki a unguwa? Ya ce shi ya san abin da ya yi. Na ji haushinsa, na ji haushin kaina, domin tsohon nan ya shiga raina ba da izinina ba, kuma duk da haka ina son a wanke ubana.

Ba a yi mako ba sai ga keke a ƙofar gidanmu da safe. Takwara ne, cikin tsohuwar kwat, 'yarsa na riƙe da hannunsa. Ya ce, "Takwara, sa hula mu je kotu." Baba ya fara kawo uzuri, tsohon ya katse shi. "Ni ma zan mutu. Ba na so in tafi da kayan wani." A kotu ya dafa Littafi Mai Tsarki ya faɗi abin da ya faɗa mana, aka rubuta, ya dangwala yatsa. 'Yar tana tsaye a bayansa fuskarta a ɗaure. Na matsa na ce mata ta yi haƙuri da kalamaina na rannan. Ta ce, "Ba komai, Malama," amma ba ta dube ni ba, kuma ban ga laifinta ba.

Gyaran ya fito dab da ƙarshen shekara. Layi ɗaya ne aka ƙara a littafin Baba, da hatimi a kai. Ya sa na karanta masa sau biyu. Da la'asar ya fita ya zauna a dakali, bai nuna wa kowa takarda ba, ni ce na tabbatar duk unguwa ta ji.

Da Janairu ta zagayo na raka shi fili. Aka duba littafi, aka duba ƙirji, hafsan ya ƙame ya sara masa. Na zaci Baba zai wuce cikin sahu, sai na ga yana waige-waige. Can ya hango Takwara a kan benci, rigarsa fayau, jikokinsa a gefe sun yi tsuru-tsuru kamar an tilasta musu zuwa. Baba ya ɗingisa ya je ya tsaya a gabansu.

"Ku ne jikokin Takwara?" ya ce. "To ku saurara. Kafin ranar kogin nan, mun yi kwanaki ba abin da ya shiga cikinmu, hanya ta yanke, ba mai iya zuwa inda muke. Kakanku ya ɗauko tukunyar wake a ka, ya ratso daji ana harbi, ya kawo mana. Da ban ci waken nan ba, ko bindigata ba zan iya ɗagawa ba, balle mutum." Yaran suka juya suna kallon kakansu. Tsohon ya sunkuyar da kai. 'Yarsa ta sa gefen zane ta rufe fuska.

Tunda nake ban taɓa jin Baba ya yi magana mai tsawon wannan a kan yaƙi ba. A hanyar gida abin ya tsaya mini, ga shi mun ɓata shekara guda muna wanke shi daga ƙarya. Na ce, "Baba, tsakani da Allah, haka aka yi?"

Ya gyara lambar a ƙirjinsa. Sannan ya ce, "Waken dai na ci, Uwata. Kuma waken ba da ƙafarsa ya zo ba."