Shafin da Babu Sunan Yaya

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunan Yaya ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. In za ta ba shi tuwo sai ta ce min, "Ungo, miƙa wa wancan." In ya daɗe a gona sai ta tsaya a bakin zaure, ta ce wai awakinta take dubawa, alhali awakin suna ɗaure a bayanta. Ina yarinya nakan tsokane ta in ce, "Inna, wancan wa?" Sai ta jefe ni da mafici.

Mu biyu Allah ya bar mata, ni da shi. Muna zaune a wani ƙauye kusa da Gwada, Baba yana noman doya. Yaya ya ce shi ya gaji da fartanya, tuƙin babbar mota zai koya. Baba mutum ne mai zafi, ni ma shi na gado. Magana ta yi tsami, har Baba ya ce in ya sa ƙafa ya fita kada ya sake dawowa. Yaya ya fita. Da farko yakan kira ni daga kudu, a ɓoye, daga baya lambar ta daina shiga. Baba ya rasu bayan ya faɗa a gabanmu cewa ya yafe masa, amma ba mu da hanyar isar da saƙon. Sai kuma kwana a ƙauyen ya gagara saboda masu bindiga. Muka kwashi abin da ya ɗauku muka taho Minna, muka kama hayar ɗaki biyu a Sauka Kahuta. Wayata ta farko a gudun nan ta salwanta, da layin da Yaya ya sani.

Abin da ke cin Inna a rai ɗaya ne. Takan ce, "In wancan ya dawo ya tarar da kango, wa zai nuna masa hanya?" Ba ta kuka a gabana. Daddawa take yi tana sayarwa a ƙofar gida, kuma kullum ta ji babbar mota ta tsaya a bakin titi sai hannunta ya tsaya cak a cikin ƙwarya.

Ni kuwa na samu aiki a wani shagon buga takardu da ke kusa da ƙofar jami'a a Gidan Kwano. Ɗalibai ne abokan cinikinmu, kuma a wurinsu na lura da wata ɗabi'a: in mutum ya zauna gaban kwamfuta ba shi da abin yi, sunansa yake rubutawa a injin bincike ya ga me duniya ta ce game da shi. Na ce a raina Yaya ma mutum ne. Na neme shi a duk dandalin da na sani ban same shi ba, to bari in buɗe shafin intanet, in ajiye masa saƙo, ko Allah zai sa ya yi tuntuɓe da shi.

Inna ta yarda da sauri har na yi mamaki. Ta sa na ɗauki hoton ƙofar gidan da muke haya, da na tiren daddawarta, da na turmin da muka taho da shi daga ƙauye, wai zai gane shi saboda tsagar da ke gefensa. Ita ce ta riƙa faɗa ina rubutawa. Mun tashi daga wajen Gwada. Muna Sauka Kahuta, bayan masu sayar da katako. Maigidan ya rasu, kuma ya yafe. Ƙofa a buɗe take. Ga lambar waya. Da na ce saura suna, sai ta tsuke fuska.

"Wane suna?"

"Na Yaya mana, Inna. Don wa muke yi?"

"Cigiya zan bayar? Akuya ce ta ɓata? Kuma ni zan buga sunansa a bainar jama'a, a ce ga uwa tana shelar ɗanta na fari? Mai shi ya san kansa."

Na ce to ko nata sunan mu sa, ko na Baba. Ta ce matar aure ba ta tallar sunanta, kuma sunan miji ba ya fita daga bakinta yana raye balle yanzu. Shafin nata ne, da bakinta aka rubuta shi, kuma Inna ba macen da ake zagayawa ta bayanta ba ce. Haka na ɗora shi, babu sunan kowa.

A tunanina da an ɗora shafi shi ke nan, kowa zai gani. Ashe da sauran aiki. Na rubuta kalmomin shafin a injin bincike, babu mu babu labarinmu. Wata malama da nake buga wa takardu ta bayyana min cewa sabon shafi kamar gida ne a bayan gari da ba a yi masa hanya ba. Injin yana da 'yan leƙen da ke zagaya shafuka suna kwasar abin da aka rubuta, kuma sai sun zo sun karanta naka kafin a saka ka cikin jerin abin da ake nuna wa masu nema. Ta nuna min inda ake miƙa adireshin shafi a roƙi su zo. Ta ce in wasu tsofaffin shafuka suka liƙa adireshinka a nasu, an fi saurin gano ka. Ranar zuwansu kuwa babu wanda zai faɗa min.

Na miƙa adireshin. Na bi ƙungiyar ɗalibai 'yan yankinmu har suka liƙa mu a shafinsu. Maƙwabciyarmu, wata ma'aikaciyar jinya 'yar kudancin Kaduna da ta yi ritaya, wadda muke kira Anti, ta roƙi mai kula da shafin cocinsu shi ma ya liƙa. Sai jira.

Kowace yamma in na sauko daga motar Gidan Kwano, tun ban ajiye jaka ba Inna za ta ce, "Mutanen naki sun leƙo?" In ce tukuna. Ta ce ko hoton ƙofar ne bai yi kyau ba. Ta share ƙofar, ta yayyafa ruwa, ta sa na sake ɗauka. Na yi mata bayani har na gaji cewa ba ido gare su ba, rubutu suke bi. Ta ce ai baƙo ko makaho ne ana share masa wuri. Abin ya ba ni dariya, ya kuma ba ni tausayi, don a lokacin ta fara ramewa, ƙafafunta suna kumbura.

Damina ta yi nisa ranar da na rubuta daddawar Sauka Kahuta na ga ƙofarmu ta fito. Na yi ihu a shago har mai shagon ya ɗauka wutar lantarki ce ta ja ni. Sai na rubuta sunan Yaya haɗe da Minna. Mutanen da ban sani ba suka cika fuskar kwamfutar, mu kuwa babu. Na san haka za a yi, amma ganin abin da ido ya fi zafi. Shafin ya shiga, sai dai Yaya ba daddawa zai je nema ba.

Na dawo gida raina a ɓace, na faɗa wa Inna komai ban tauna ba. Na ce mata mun gina gida mun ƙi faɗa wa mai shi, na ce kunyar nan ta ishe ni. Anti tana tsakar gida tana shanya, ta sa baki da irin Hausarta.

"Mama, ka sa sunan yaro mana. Abi kunya ne zai kawo shi gida? Ni in nawa ne, ko a jikin mota zan rubuta."

Inna ta yi murmushi ta ce, "Ku naku daban ne, Anti." Ta shige ɗaki. Muka yi kwanaki ba ta tambaye ni labarin shafin ba, ni ma na ƙi ɗago zancen. Mutane biyu suka kira lambar, dukansu daddawa suke so.

Jikinta ya yi tsanani bayan an fara cin sabuwar doya. Anti ce ke zuwa tana auna ta, ita ce kuma ta ja ni gefe ta ce in rage zuwa aiki. Wata safiya ina shafa wa Inna man zafi a ƙafa, ta ce, "Ɗauko wayar." Na ɗauko. Ta ce, "Ki sa." Ban tambaye ta me ba. Na fara rubuta laƙabin da duk ƙauye ke kiransa da shi, sai ta ce, "Ba wannan ba. Na yanka za ki sa." Ta juya fuskarta ga bango, ta faɗi sunan, cikakke, a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da ta daɗe tana ajiya. Na san sunan, ita ma ta san na sani. Na rubuta shi a saman shafin.

Na sake miƙa adireshin, na roƙi su dawo su karanta. Amma 'yan leƙen nan ba sa jin magiya. Shafin da ba kowa ke shiga ba, sai sun ga dama suke waiwayarsa. Na riƙa dubawa safe da yamma, ina zagin waya kamar ita ta yi min laifi. Abin da injin ke nunawa tsohon rubutun ne, ƙofa da daddawa. Inna ta koma tambaya, da muryar da ba ta fita sosai, "Sun dawo?" Ni kuwa in ce suna hanya.

Ta rasu ranar wata Laraba da hantsi. Bayan an share makoki na ƙara layi ɗaya a ƙasan sunan Yaya, cewa Allah ya yi wa Inna rasuwa, don ban ga dalilin barin ƙarya a shafin ba. Ba a daɗe ba 'yan leƙen suka dawo, suka kwashi sunan da labarin rasuwar tare. Da na rubuta sunan Yaya haɗe da Minna, mu ne a farko. Na zauna ina kallo, cike da haushi da baƙin ciki.

Ina cikin mota a hanyar Bida, za ni aiki, wata baƙuwar lamba ta shigo. Muryar ta yi kauri amma na gane ta, Yaya ne. Ya ce yana ƙetaren iyaka yana tuƙi. Ya ce ya taɓa aiko wani direba ƙauye, aka ce masa ba kowa sai kangaye. Ya ce ya sha rubuta sunansa da na Baba da na Inna a waya, ko wani ya yi cigiya, bai taɓa ganin komai ba, har ya ɗauka mun shafe shi. Ya ce a wannan karon da ya rubuta sunansa shafin ya fito, turmin ya fara ganewa. Na ce wa direba ya sauke ni, na tsaya a gefen wata gonar dawa ina share hanci da mayafi.

Sannan ya ce, "Ta yi maganata kuwa?"

Na ce, "Yaya, ta kira sunanka."

"Wancan dai, ko?"

"A'a. Na yanka. Da bakinta."

Ina jin ƙarar motoci ta can wajensa. Can ya ce, da muryar da ban taɓa ji daga gare shi ba, "Faɗa min yadda ta faɗa." Na gwada, a nan bakin titi, amma bai fito kamar nata ba.