Mai Farar Motar Nan

Wata rana wani injiniya mai suna Nafi'u ya je Kano ya ɗauko mahaifinsa, Malam Iliyasu, ya kawo shi Abuja da niyyar zama ya zo ke nan.

Tsohon ya haura saba'in. Gwiwa ta ƙi, ido ya yi rauni, ga shi uwar 'ya'yansa ta riga shi gidan gaskiya. Nafi'u ya rantse ba zai bar ubansa a lungun da ko mota ba ta shiga ba, alhali shi yana da gida mai ɗaki shida.

Niyya ce mai kyau, ban musa ba.

Sai dai Nafi'u yana da wata ɗabi'a. Da an zauna hira sai ya ɗauko Kano da Abuja ya ɗora a sikeli. Ya ce duka biyun girma suke kamar ana hura su: Kano ta cinye gonakin da ya sani yana yaro, Abuja ta haɗiye ƙauyukan da ke kewaye da ita. Amma girman Kano na cunkoso ne, gida a jikin gida, kwata a ƙofar kowa. Abuja kuwa titi fetal, ba hayaniya, kowa da katangarsa.

Kullum Abuja ce ke cin gasar. Malam dai sai ya ce, to.

Gidan yana can bayan gari, a sabuwar unguwar da daga ita zuwa wurin aiki tafiyar awa guda ce, in hanya ta yi kyau. Nafi'u da matarsa su fita da sassafe, yara su tafi makaranta, a bar Malam da talabijin.

Mutumin da ya shekara hamsin yana ɗinkin hula a zaurensa. Mutumin da kafin azahar ya amsa sallama ta fi talatin.

Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida. Mako uku yana zama. Motoci su wuce gilashi a rufe, a buɗe musu get, su shige, a mayar a rufe. Ko ɗaga hannu babu wanda ya yi masa.

Ranar wata Asabar ya ga ana loda kaya daga gidan da ke hannun dama. Ya ɗauka tashi za su yi. A inda ya fito kuwa, maƙwabci ba ya tashi sai an yi sallama an yafi juna. Ya dogara sandarsa ya je.

A can wani ɗan'uwan matar gidan ya shaida masa cewa maigidan ya rasu, yau kwana goma sha ɗaya. Daga asibiti aka wuce da shi maƙabarta. Waɗanda suka sallace shi mutum tara ne.

Malam ya dawo, ya tarar da ɗansa a falo, ya tambaye shi sunan maƙwabcinsa.

Nafi'u ya sosa ƙeya. Shekara shida katanga ɗaya ce tsakaninsu, abin da ya iya cewa shi ne, mai farar motar nan?

Malam ya dube shi, ya ce:

"Nafi'u, ka mayar da ni gida. In na mutu a nan, wa zai ɗauki makarata?"

"Haba Baba, ka daina wannan zancen. Ai akwai motar asibiti."

"Mota tana cewa Allah ya jiƙansa?"

Nafi'u bai ji daɗi ba, gaskiya. Kunya yake ji kada 'yan'uwa su ce ya kasa riƙe ubansa. Ya yi lallashi, ya yi alƙawarin kai shi masallacin Juma'a duk mako, ya sa jikoki suka roƙa. Malam ya ɗaure kayansa ya ajiye a bakin ƙofa.

Dole Nafi'u ya mayar da shi lungun nan mai kwata.

Bayan wata bakwai, ranar wata Laraba da hantsi, aka bugo waya.

Kafin Nafi'u ya iso Kano da la'asar an yi wanka, an ɗinka likkafani, an haƙa kabari. Babu wanda ya jira a gaya masa aikinsa. Shi kaɗai ake jira.

Sahu ya cika lungu ya fita har bakin titi. Ga masu shayi, ga maɗinka, ga waɗanda suka daɗe da tashi daga unguwar sun dawo a adaidaita sahu. Da aka ɗaga makara Nafi'u ya sa kafaɗa, ko taku biyar bai yi ba wani ya karɓe shi, wani ya karɓi wancan. Haka aka riƙa yi har bakin kabari.

A nan ya yi kuka irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro. Rabinsa na rashin uba ne, rabinsa tsoro ne ga kansa.

Bayan addu'ar bakwai ya koma Abuja. Tun bai sauke kaya ba ya taka zuwa gidan da ke hannun hagu, ya ƙwanƙwasa. Sai da ya buga sau uku maigidan ya leƙo ta 'yar taga, ya tambaye shi wa yake nema.

Nafi'u ya ce shi maƙwabcinsa ne, gaisuwa ya zo.

Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya yi murmushi.

"Allah sarki, sannu da zuwa. Yaushe kuka tare?"

Darasi: Garuruwanmu suna faɗi, mu muna ƙara nisa da juna. Kada mutanen Kano ma su yi dariya, su leƙa sababbin unguwanninsu su ga tsayin katanga. Zumunci a ƙafa yake. Gina gidanka duk inda Allah ya hore maka, amma ka san sunan wanda ke bayan katangarka tun kuna iya gaisawa.

Ka tura wa maƙwabcinka wannan. In ba ka da lambarsa, to da kai nake.