Hoton Direba a Shagon Kar-ka-motsa

Kar-ka-motsa ake ce masa a layin, don maganar da ya fi yi ke nan tun yana saurayi yana leƙa kyamara. Shagonsa ɗaki ɗaya ne tsakanin mai aski da mai faci: labule shuɗi a bango, fitilu biyu masu lema, kujera mara majingina, sai tsohuwar kwamfuta mai gurnani kamar an tilasta mata aikin. Tunda kowa ya samu waya mai kyamara, kasuwa ta ja baya. Abin da ya rage masa masu hoton fasfo ne, sai kuma mamata.

Shi bai taɓa goge fuskar mutum ba. Duk wanda ya zauna a kujerar nan yana cikin kwamfutar, har masu runtse ido. In aka yi rasuwa a unguwa, bayan kwana biyu sai wani ya yi sallama, murya ƙasa-ƙasa: "Ko kana da hoton wane?" Yana da shi kuwa, kuma ba ya karɓar ko sisi.

Akwai wata tsohuwa, uwar wani direba. Ɗan nata ya zo hoton lasisi, bai shekara ba mota ta kife da shi, wayarsa ta tafi tare da shi. Hoton nan kaɗai ya saura a duniya, amma ta ƙi a wanke mata.

"Iya, ki bari in wanke miki babba, ki rataye a ɗaki," in ji mai hoto.

"A'a, ɗan nan. In na kai shi gida ba zan ƙara tsinana komai ba, zama zan yi ina kallonsa. Bar shi a wurinka. In kewa ta taso na san hanya."

Haka suka saba. Ta zo, ya juya mata kwamfutar, ya fita wajen mai aski ya ba ta wuri. In ta gama ta goge ido ta tafi.

Da ya sa intanet don aika wa mutane hotunansu, sai tallace-tallace suka fara faɗo masa a allo ba sallama: maganin ƙiba, kyautar da bai nema ba, matan da bai sani ba. 'Yarsa ma'aikaciyar jinya ta ja masa kunne.

"Baba, duk akwatin da ya faɗo da kansa ya ce ka sabunta wani abu, ƙarya ne. In kuma yana maka gaggawa, ɓarawo ne. Ka rufe shafin gaba ɗaya."

Ya riƙe maganar. Kwaɗayi bai taɓa jansa ba, ya kan rufe su yana tsaki.

Wata rana da hantsi wani jan akwati ya rufe allon. Bai yi masa alkawarin komai ba. Cewa ya yi manhajar buɗe hotuna ta tsufa, hotunansa na gab da lalacewa in bai sabunta yanzu ba, ga lambobi suna raguwa a ƙasa. Kwamfutar kuwa tana ta gurnaninta. Ya kira 'yarsa, tana bakin aiki, ba ta ɗauka ba. Ya tuna duk mutanen da ke ciki, waɗanda ba za su sake zuwa su zauna ba. Tsoro ya kama shi, ya danna.

Yana kallo abin ya faru. Ƙananan fuskokin da ke jere suka riƙa zama farar takarda ɗaya bayan ɗaya, daga sama zuwa ƙasa. Sunayen suna nan, fuskokin babu. Mai gyara ya zo ya duba kwamfutar, ya duba ɗan akwatin ajiyar hotuna da ke jone da ita, ya girgiza kai. An kulle su duka, ya ce, makullin kuma yana hannun mutanen da ba a san inda suke ba.

Daga ranar ya daina jin daɗin shagon. Da rana tsaka yakan ji kamar an cika ɗakin ana jiran layi. In ya rufe ido fuskokin suna zuwa, amma kullum da abin da ya ragu: yau kunne, gobe tabon goshi. Duk takun silifas a ƙofa sai ya zaci tsohuwar nan ce.

Ranar da uwar direban ta zo, bai juya kwamfutar ba. Ya durƙusa ya faɗa mata komai, bai rage ba.

"Kai ka gan shi ranar," ta ce daga baya. "A ina ya zauna?"

Ya nuna mata kujerar.

"Kunna fitilun."

Ya kunna. Haske ya sauka a kan kujerar da babu kowa. Tsohuwar ta ja benci ta zauna daidai inda kyamara take tsayawa, ta gyara mayafinta.

"To je ka wajen mai askin," ta ce. "In na gama zan kira ka."