Kifin Mma Sanatu Babu Magani

A kasuwar Aboabo, bayan layin masu albasa, wata dattijuwa tana zaune gaban faranti cike da kyafaffiyar tarwaɗa. Mma Sanatu ake kiranta. Hayaƙi ya rine mata yatsu, ya jajanta mata ido, amma yau fuskarta a sake take.

Badagomba ce, a kasuwa ta tsinci Hausarta. Maƙwabciyarta mai albasa ta ce bara, da aka fara raɗe-raɗin akwai magani a kifin tafkin da take sarowa, ita ta ɗauka yabo ne. Har ɗaga murya take yi: "Ku zo, kifina akwai magani!" Sai da mutane suka watse mata aka fahimtar da ita maganin feshin gonar shinkafa ake nufi. Ruwan sama ke wanko shi cikin tafkin, ya zauna a jikin kifi, wuta ma ba ta fitar da shi. Wataƙila ba rashin cinikin ne ya fi damunta ba, tunda jikokinta ma kifin suke ci.

Yanzu a Kukuo take sarowa, wurin mai kiwo da ruwan rijiya, nesa da gonaki.

Ga wata mai ciki ta tsaya tana jujjuya kifi. "Mma, wannan fa lafiya?"

Mma Sanatu ba ta rantse ba. Ta ɓalli tsoka ta jefa a baki, ta tauna ta haɗiye.

"'Yata, ɗauki. Wannan ba ya maganin komai sai yunwa."