Ranar da kwale-kwale ya ƙi juya mini a Kogin Nilu

Shekarun baya can, wajen 2013, ina karatu a Alƙahira, abokina ɗan Nijar ya ja ni unguwar Ma'adi da ke bakin Nilu hawan kayak, ɗan kwale-kwalen roban nan na mutum ɗaya. Ni ɗan masunta ne daga Yawuri, don haka tun a jirgin ƙasa na metro nake cika masa baki.

Dattijon da ke ba da haya ya nuna mini wani gajere mai gantsararren ciki kamar ayaba. Na ƙi. A wurinmu gajeren jirgi na yara ne. Na zaɓi mafi tsawo, siriri, ƙasansa miƙe da kaifi.

"Ya ibni, ɗana, wannan gudu ya sani, ba ya son kwana," in ji shi.

"Ma'alish, ya ammu, ba komai baba, a ruwa aka haife ni."

Gudu kam ya yi. Tuƙi biyar na bar abokina a baya, ina ta jin kaina. Sai da na kai tsakiyar kogi na hango ƙaton jirgin dakon duwatsu ya nufo ni yana busa ƙaho. Na soka filafilin tuƙi ta baya kamar yadda muke yi a gida. Kayak ya ɗan gyaɗa kai kawai, ya ci gaba da miƙewa. Na sake, bai kula ni ba.

Ban san dattijon ya biyo ni ba. Cikin gajeren nan da na raina ya zo, ya yi juyi ɗaya a inda yake, sai ga shi kusa da ni.

"Karkata shi hagu! Ɗaga gwiwar dama, yalla!"

Dama nake son juyawa, shi kuma yana cewa hagu. Ga shi abin da mahaifina ya fara koya mini ke nan: kada ka kuskura ka karkata jirgi. Na yi salati, na ɗaga gwiwa, ruwa ya taɓo bakin kayak. Na share da filafili ta hagu, sai dogon nan mai taurin kai ya juya dama a hankali, sumul. Jirgin duwatsun ya wuce, igiyar ruwansa tana jijjiga mu.

A bakin gaɓa dattijon ya kifa jiragen biyu, ya ɗora tafina a kan nawa. Ya ce kaifin ƙasan nan shi ke riƙe ruwa gaba da baya. In ka karkata, kaifin ya saki, kumburarren gefen ya karɓi aiki. Na daɗe ina shafa robar nan. Ashe wanda ya ƙera shi ya ɓoye masa kwana a haƙarƙari.

Da Juma'a na kira mahaifina na ba shi labari, ina jin na zo masa da sabon ilimi. Ya yi dariya har da tari.

"Kai, da me kake tsammani nake juya namu in mun cika shi da kifi? Waccan dokar ta yara ce, don kada ku kife."

Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Shekara goma ina zaune a gabansa cikin jirgi, ban taɓa waiwayowa na kalli gwiwarsa ba.