Alayyafo Cikin Manja

Shekarar da 'yata ta shiga aji huɗu a Kubwa, likita ya ce in ba a rage mata ƙiba ba, ciwon suga na tafe. Yarinya 'yar shekara tara, amma in ta hau bene sai ta tsaya tana haki.

Makarantarsu ta share fili a bayan azuzuwa, aka yanka wa kowane yaro nasa. Ita alayyafo da karas ta shuka. Kullum sai ta tare ni da labarin ganye, ni kuwa na kwaso gajiyar motar haya daga cikin gari, sai dai in gyaɗa kai.

Ran da ta kawo alayyafonta na farko, mahaifiyata ta zo mana daga Katsina. Na dawo aiki na tarar da ganyen nan yana iyo cikin manja, ga tuwo malmala biyu a gaban yarinya. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na ce, "Haba Inna, malamarsu cewa ta yi a ɗan turara shi kawai."

Ta ce, "Akuya ce ita? Jikata ta murje ta yi kyau, ku ce cuta ce. A garinmu sai yaro ya rame ake kai shi asibiti."

Na dinga faɗa, ina maimaita mata maganar likita. Sai Inna ta jawo baƙar ledar da na ajiye kan kujera ta buɗe: fanke biyar da lemon kwalba. Tsarabar da nake saye a tasha kullum ke nan, don kada in shigo hannu rabbana bayan na bar yarinya tun asuba.

Inna ta ce, "Wannan ma malamar ce ta aiko?"

Haushi ya ishe ni, na rasa wanda zan sauke wa.

Sai 'yata ta ce, "Mama, ki bar sayen fanken. An kira iyaye ganin lambu, ba ki zo ba. Kowa ya cire karas ɗinsa, ni ke nake jira."

Sai da na yi mako biyu ina roƙon oga kafin ya ba ni rabin yini. Na je lambun, ni da 'yata muka tone karas ɗinta, duk sun tsage sun yi tauri kamar itace. Ta wanke mafi girman a famfo ta miƙo mini, ta tsaya tana kallo har na cinye.