Murfin Kwalbar Baba Tela

Akwai shatin haƙora a murfin kwalbar maganin, amma nas ɗin da ke zuwa gida ce kaɗai ta lura. Baba Tela ya tsufa yana ɗinka wa mutane sutura. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, hannu ɗaya ya rage masa, harshensa ma ya yi nauyi. Murfin kuwa sai an danna an murɗa da hannu biyu.

"Taurin kai ne," in ji babban ɗansa. "Mun saya masa, ya ƙi sha."

"Wa ke buɗe masa?" nas ta tambaya. "In bai sha ba, ciwon na iya dawowa."

Ɗan ya ce kowa na da aikinsa, ya fita.

Da yamma Baba ya ninke wa ɗan rigunansa da hannun hagu.